Ina Samarinmu Suke Wuni? Abin da Waya Za Ta Iya Faɗa Mana



Ka tambayi uba a Kiru ko Bebeji ina ɗansa ɗan shekara 15 yake wuni, zai ce makaranta da gona. Ka tambayi yaron, sai ya yi murmushi kawai. To akwai hanyar da masu bincike ke bi su gano: GPS ɗin da ke cikin waya. Wayar kan karɓi saƙo daga tauraron ɗan'adam aƙalla huɗu, ta lissafa inda take, ta ajiye wurin da lokacin. Bayan mako guda, sai sawun mutum ya fito a kan taswira.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Lokacin yaƙi da shan-inna, an riƙa ba masu rigakafi wayoyi masu GPS, da taimakon eHealth Africa, don a ga unguwar da suka shiga da rugar da suka tsallake. A Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali (wild polio).

Yanzu ku ɗauka an yi haka da samarinmu. Mu ga awa nawa yaro ke yi a aji, nawa a tashar Kwanar Ɗangora, nawa a bakin dam ɗin Tiga, nawa a ramukan haƙar ma'adinai na Riruwai, nawa a gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada. Da wannan za mu je wa shugaban ƙaramar hukuma da hujja, mu ce ga inda ake buƙatar filin wasa ko wurin koyon sana'a.

Amma fa jama'a, a yi hattara. Taswira za ta nuna yaro ya wuni a kasuwa, ba za ta ce talla aka ɗora masa ba. Sai an zauna an ji daga bakinsa. Yarinyar da ba ta da waya, da almajiri, ba za su fito ba sam. Sannan dokar kare bayanai ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye kafin a taɓa bayanan yaro. Ni na ƙara da cewa har yaron ma a nemi yardarsa, kuma kada sawunsa ya faɗa hannun wanda zai hukunta shi da shi.

Ku fa, za ku yarda a bi sawun ƙaninku don bincike? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.