Wasan Bidiyo: Ina Namu Na Gida?

Duk wanda ya ratsa layukan Zongo da la'asar sakaliya ba zai rasa ganin yara sun cunkushe a wani ɗan shago ba, ido a kan talabijin, yatsu na ta aiki. In ka leƙa, ƙwallon Turai ake bugawa, ko kuwa wasu ƙarti ne ke harbin juna a wani birni da ba wanda ya taɓa zuwa a cikinsu. Kukan iyaye dai ɗaya ne, wato ɓarnar lokaci da kuɗi. Suna da gaskiyarsu. Amma mu abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, duk cikin wasannin nan babu ko guda da aka haifa a gidanmu.

Jama'a da yawa sun ɗauka sai mai manyan injuna da jarin miliyoyi ke ƙago wasa. To, ba daga nan abin ke farawa ba. Shigeru Miyamoto, mutumin Japan da ya fito da Zelda a 1986, yawon da ya sha yi yana yaro cikin dazuzzuka da kogunan duwatsu na ƙauyensu kusa da Kyoto shi ya mayar wasa. Satoshi Tajiri kuwa kamun ƙwari ne abin sonsa tun yana ƙarami, daga nan Pokémon ya samo asali a 1996. Kowannensu abin da ya taras a ƙofar gida ya ɗauka.

Nan Afirka ma an fara. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokan aikinsa na kamfanin Kiro'o sun fitar da Aurion a 2016, duk da ɗaukewar wutar lantarki da ta yi ta mayar musu da aiki baya. Labarin wani ɗan sarki ne da surukinsa ya yi wa juyin mulki ranar bikinsa, kuma ƙarfin da yake yaƙi da shi daga kakanninsa yake samowa. Maƙwabtanmu na Gana suna da Leti Arts tun 2009. A Lome ɗin nan tamu, a ɗakin ƙere-ƙere na WoeLab, Afate Gnikou ya harhaɗa injin da ke ƙera ƙananan kayayyaki daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci a 2013. Ashe hannu bai gagara ba.

To, mu Hausawa me muke da shi? Mu fara da dara, wadda dattawa ke yi a gindin bishiya, yara kuwa na wucewa ba ko kallo. Gidaje 30 ne a ƙasa, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinkaye wancan duwatsu. Da farko sai a zuba, kowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku lokacin zubi ba. In an gama, sai a shiga tafiya gida ɗaya ɗaya, ba a karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa, amma in ya jera huɗu bai ci kome ba. Wannan doka ta huɗu kaɗai ta isa ta nuna cewa wanda ya tsara dara gwani ne, domin ita ke hana mai haɗama sakewa. Yaro zai koyi dokokin kafin shayi ya nuna, amma sai ya yi furfura yana neman gwaninta. Abin da masu tsara wasa a ƙasashen waje ke kwana suna nema ke nan, mu kuwa har karin magana muka yi da shi, muna cewa dara ta ci gida.

Sai dai ɗora dara a kan waya yadda take kwafi ne kawai, ko da kwafin namu ne. Inda muke ganin sabon abu zai fito shi ne tarihin da ya kawo mu ƙasar nan, wato fatauci. Ayarin kakanninmu kan taso daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fatu, ya bi ta Sansanne Mango a arewacin Togo, ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, ya komo da goro. Tafiya ce ta watanni. A ce mai wasa shi ne madugu. Shi zai zaɓi hanya, gajera mai 'yan fashi ko doguwa mai yawan fito. Shi zai yi ciniki da sarkin kowane gari, ya san zangon da za a yada da wanda za a wuce, ya raba gardama tsakanin fatake. In ya yi gaggawa jakuna su faɗi, in ya yi jinkiri damina ta cika koguna.

Ga kuma goro, kayan da ba ya haƙuri. Sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana tsince mai ƙwaro kafin ya ɓata sauran. Dattawan da suka yi wannan sana'a a tsohon Zongo, kafin a tashe shi a 1977 a dawo da mu nan bayan gari, har yanzu akwai sauransu a cikinmu, kuma yaran da suka iya kwamfuta jikokinsu ne.