Awon Aikin Malami: Tsakanin Sufeto da Hedimasta a Makarantun Ƙasar Rano

Duk wanda ya taɓa zama a ajin firamare a ƙasar Hausa ya san ranar zuwan sufeto. Tun da sassafe a share fili, a yayyafa ruwa, a jera tebura, malam kuma ya ɗauko darasin da yara suka riga suka haddace. Baƙo ya zauna a bayan aji, ya duba rajista da littafin shirya darasi, ya sa hannu, ya hau babur ɗinsa ya kama hanya. Abin tambaya a nan shi ne: aikin malam ya gani, ko kuwa wasan da aka shirya dominsa?

Shi wannan tsari na duba makarantu tare da ilmin boko ya zo. A Ingila, daga 1862, an riƙa ba makarantu kuɗi gwargwadon yawan yaran da suka ci jarrabawar sufeto, sai malamai suka koma cusa wa yara hadda, har dai aka watsar da tsarin kafin ƙarshen wannan ƙarni. A ƙasar Kano kuwa, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa cikin 1909 har zuwa ƙarshen zamanin En'e, makarantu ba su da yawa, ana iya zagaye su. Akwai ma malamin zagaye, watau gogaggen malami mai bin makarantu yana nuna wa na baya yadda ake aiki. Alhaji Shehu Shagari ya riƙe irin wannan muƙami a Lardin Sakkwato. Abin lura, malami ake ce masa, kuma da alli a hannu yake shiga aji.

Shekarar 1976 ita ce ta sauya al'amari. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, an yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a Nijeriya, sai ga kimanin miliyan 3. Aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, wasu ma ba horon aka miƙa musu alli. Makarantu suka yi wa masu dubawa yawa, zagaye ya koma sa hannu a littafi. Ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ba ta tsira daga wannan ba.

A yau, bisa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, makarantun firamare na ƙarƙashin hukumar jiha, sa'an nan kowace ƙaramar hukuma, har da Rano da Kibiya, tana da sakataren ilmi da jami'an duba makarantu. To, amma jami'in da zai tashi daga Rano ya leƙa Rurum da Saji da Zurgu, ko daga Kibiya ya je Tarai da Durba, balle da damina in hanya ta ɓaci, sau nawa zai ga malami guda yana koyarwa a zangon karatu? Wanda ya san lokacin da malam yake iso wa makaranta, ya san ko 'yan aji uku sun iya haɗa baƙi, shi ne hedimasta. Sai dai sau da yawa an mai da shi magatakarda, mai cike takardu da kai rahoto.

Awon malami yana da manufa biyu waɗanda ba su cika zama inuwa ɗaya ba: hukunci da gyara. Jihar Kaduna ta bi hanyar farko a 2017, inda aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su sami kashi 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki. Ko shakka babu, wanda bai san abu ba ba zai koyar da shi ba, kuma ɗan talaka ne ke cutuwa. Amma jarrabawa a takarda sani kawai take aunawa. Ba ta nuna yadda malam zai riƙe aji cike maƙil da yara, rabinsu a zaune a ƙasa. Bugu da ƙari, malamin da ya san kowane kuskure nasa takardar tuhuma zai zama, ɓoye shi zai yi.

Hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A tsangaya, gardi yakan rubuta allonsa ya kai wa alaramma darasu, a bi shi aya aya ana gyara, bai kuwa ɗauki haka cin fuska ba. A wajen tafsiri, shehin malami ya yi tuntuɓe a aya, mai ja masa baƙi ya ɗora shi a hanya a gaban jama'a. Dalili shi ne duk sun yarda karatun ake kiyayewa. Irin wannan ne malaman Japan suka daɗe suna yi: su shirya darasi tare, ɗaya ya koyar, saura su zauna suna lura da yara, daga baya a tattauna. Shirin ESSPIN, wanda Ingila ta tallafa wa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida har da Kano, shi ma nan ya dosa: hedimasta ya riƙa zama a ajin malamansa, a riƙa taron ƙara wa juna sani a cikin makaranta, jami'in ƙaramar hukuma kuma ya zo a matsayin mai taimako.

Sai dai hakan ba ya yiwuwa sai da sharuɗɗa. Hedimastan da aka naɗa don sanayya ko siyasa, alhali akwai waɗanda suka fi shi iya koyarwa a ƙarƙashinsa, ba mai sauraron gyaransa. Dole kuma shi ma ya yarda a zauna a ajinsa a gyara masa. Haka nan bai kamata a ɗora wa malam laifin yaran da aka tsare a gona ko aka tura talla ran kasuwa ba. Wannan aikin kwamitin kula da makaranta ne, da dagaci da liman da iyaye. Gwamnatin Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, hankali kuma ya fi karkata ga gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai, waɗanda duk ana bukata. Abin da ba ya cin ko sisin kwabo shi ne a keɓe sa'a guda kowane mako a jadawalin makaranta, inda hedimasta da malamansa za su zauna da littattafan yara a gabansu, su duba wa ya iya karatu, wa bai iya ba tukuna.