Daga Ringim Zuwa Haɗeja: Ziyarar Tsofaffin Abokai Bayan Ritaya

Ma'aikacin da ya yi wa tsohuwar Jihar Kano aiki da wuya a ce bai sha ruwan wani ƙaramin gari ba. A zamaninmu takarda ɗaya ce za ta fito daga ma'aikata, ka ɗaure kayanka ka nufi Ringim, bayan 'yan shekaru a tura ka Gumel ko Haɗeja. Ni malamin makaranta ne, uwargidana unguwarzoma, don haka duk garin da aka kai ni akwai asibitin da ke jiran hannunta. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a watan Agustan 1991, aka raba ma'aikata, kowa ya koma jiharsa ta asali. Mu muka dawo Kano, mutanen da muka yi shekaru muna sa hannu a kwano ɗaya suka tsaya can.

Bayan mun yi ritaya sai ya zama ba abin da ke kai mu garuruwan nan sai gaisuwar mutuwa. Wata rana muna hanyar dawowa daga ta'aziyya uwargidan tawa, Hajiya, ta dube ni ta ce, "Malam, wai sai mutum ya rasu za mu tuna hanyar gidansa?" Maganar nan ce ta tayar da mu.

'Ya'yanmu ba su so ba, kuma suna da hujja. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, cika tankin mota ya zama abin da ɗan fansho zai yi wa dogon lissafi. Ga shekaru, ga hawan jini. Muka yi musu alƙawarin ba za mu yi tafiyar dare ba: a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin la'asar. Bakanike ya duba birki da tayoyi, Hajiya ta ƙulle magungunanmu a jaka guda, ta cika bayan mota da tsaraba, sabulu da turmin atamfa da goro. Muka kuma yanke cewa ba za mu wuce kwana ɗaya a gidan kowa ba, domin mai masaukin da ke jiran fansho zai yanka kazarsa ta ƙarshe bai nuna maka ba.

Ringim muka fara sauka, gidan tsohon hedimastanmu. Mun same shi a zaure kan buzu, carbi a hannu. Na yi sallama, ya ɗaga kai ya dubi inda ba nan nake ba, ya ce, "Wannan muryar ta malamin lissafi ce." Ashe yanar ido ce ta rufe masa ido biyu. Shekara da shekaru muna gaisawa a waya, ko sau ɗaya bai ambata ba. Ya kama hannuna bai saki ba har aka kira azahar, yana jero sunayen ɗalibanmu, wane ya zama alƙali, wane likita, wane kuma ya riga mu gidan gaskiya. Da na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikin yanar ido ba ya ɗaukar lokaci, me ya hana?" sai ya yi murmushi ya ce kuɗin fanshon abinci ma yake ja da ƙyar.

Wannan shi ne abin da tafiyar ta fi nuna mini. A waya kowane Bahaushe lafiya lau yake. Kunya da kara ba sa barin dattijo ya faɗa wa abokinsa cewa katangar gidansa ta faɗi, ko ƙafarsa ta daina kai shi masallaci. Sai ka je ka zauna a tabarmarsa za ka gani da idonka.

Gumel mun daidaita zuwanmu da Alhamis saboda kasuwar Maigatari, wadda ke bakin iyakar Nijar. Abokina na can tsohon malamin gona ne, yanzu yana sayen riɗi da zoɓo yana ajiyewa. Ya zaga da mu kara, inda shanu da raƙuma da tumakin da aka koro daga ƙetaren iyaka suka cika fili. Shi kam ritaya ta karɓe shi, har ƙiba ya yi.

Malam Madori ranar Hajiya ce. Garin ya bunƙasa ne da layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, lokacin da gyaɗa ke tashe. Ƙawarta ta can mijinta ya rasu, ita ke riƙe da jikoki. Da suka haɗa ido ba wadda ta iya magana, sai suka rungume juna suna hawaye. Ni aka shimfiɗa mini a zaure, su kuwa ina jiyo hirarsu har dare ya raba. Da safe labari ya zaga unguwa. Mata suka dinga shigowa, wata da ƙwaryar fura, wata da ƙwan zabi. Wani magidanci ya zo da 'ya'yansa, ya durƙusa ya ce, "Inna, mahaifiyata ta ce a hannunki aka haife ni." Hajiya ta daɗe tana dubansa, sannan ta tambayi sunan uwar, ta kuwa tuna ta, har da cewa cikin damina ne.

Haɗeja gari ne mai ji da tarihinsa, mutanensa ba su manta da 1906 ba, shekarar da Sarki Muhammadu ya tsaya wa Turawa har aka kashe shi. Amma hirar da na tarar a bakin abokina na can ta ruwa ce. Ya ce tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya cika ya tumbatsa. Ambaliyar 2022 ta cinye masa gonar shinkafa ta kuma rusa ɗakuna biyu a gidansa. Na ga tubalan da ya tara a tsakar gida, ciyawa har ta fito a tsakaninsu. Duk da haka sai da ya sa aka cika mana kwali da bandar kifi, ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba.

Da muka dawo Kano na nemi sauran abokan aikinmu da ke raye, da wasu tsofaffin ɗaliban hedimasta, aka haɗa abin da ya sawwaƙa, babban ɗansa ya kawo shi birni aka yi masa aikin ido ɗaya. Hajiya kuwa ta riga ta fara tara tsarabar Kazaure da Roni, ta ce da an gama girbi za mu kama hanya.