Shuɗi da tsanwa irin na kakanninmu

Ƴan uwa mata, yau in anka ce shuɗi sai hankali ya tafi ga garin rini na leda da muke saye ranar kasuwa. Kakanninmu kuwa daga ganyen baba suke samun shi.

Aikin baba ba ya son gaggawa. A yanko shi, a daka ganyen a turmi, a cura, a shanya. Marini ya zuba shi a rami da ruwa da toka, ya yi kwanaki yana motsawa har kumfa ta taso. Zane in ya fito daga rami tsanwa-tsanwa yake, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Shi ya sa ake tsomawa ana fiddawa sau da yawa, har ya yi duhu. Marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau haka take aiki. Rawanin turkuɗi mai walƙiya da Buzaye ke naɗawa, daga Kura yake fitowa, kusa da Kano. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara saida shuɗin masana'anta, daga baya marinu da yawa sunka mutu.

Tsanwa ta fi wuya, don ruwan ɗanyen ganye ba ya daɗewa yake koɗewa. Dubara biyu ce. Ko a ɗora rawaya bisa shuɗi, ko a yi irin ta dukawa: a jiƙa garin tagulla da abu mai tsami har ya yi tsatsa tsanwa, a shafa ga fata. Wannan ta biyu guba ce. Kada mu shafa ta ga ƙwarya ko ludayi, kada mu bar ta inda yara ke wasa.

Garin rini na kasuwa da soda ake haɗa shi, mun kuma san yadda soda ke cin hannu. Baba dangin wake ne, yana ƙara ma ƙasa ƙarfi. Matan Tamaske da na Keita da sunka ɗauki duwatsu sunka raya faƙo tun aikin da anka fara a 1984, shuka baba a bakin gona ba zai gagare su ba.

Kafin wata ta ɗauki bashin asusu don rini, kowace ƙungiya ta gayyato tsohuwar da ta san aikin ranar zubi. Mu tara iri da kaka, mu gwada da ɗan ƙyalle, mu wanke shi sau uku mu gani. In launi ya zauna, sannan a yi maganar jari.