Yadda Ake Nema Wa Tsofaffin Kayan Ɗaki Sabon Gida Ta Wayar Hannu

A gidaje da yawa akwai wata kujera da aka jingine a zaure ko a bayan ɗaki, yadinta ya koɗe, sosonta ya lotsa, ƙafa ɗaya tana rawa. Ba ta lalace har a jefar ba, ba ta kuma yi kyan da za a bar ta a falo ba. Matsalar takan fito fili ne ranar tashi: kuɗin haya ya ƙare, mai gida yana jiran mukulli, sabon ɗakin kuma ba zai ɗauki gado da durowa da kujeru uku ba. A irin wannan gaggawa ne ake sayar da kaya a wulaƙance ga dillalin da ya fara zuwa, ko a bar su ruwa da rana su ƙarasa su.

Wayar hannu tana iya magance wannan, amma sai an lura da abu ɗaya. Kujera ba kamar waya ko takalmi ba ce da za a saka a leda a ba ɗan acaɓa. Kuɗin ɗaukar tsohon gado a kurkura daga wannan gefen gari zuwa wancan yana iya kusan kai kuɗin gadon. Don haka wanda ya fi dacewa da kayan shi ne na kusa, wanda kuma ya san ainihin halin da suke ciki tun kafin ya taso.

A fara duba kayan

Kafin a ɗauki hoto, a kunna fitilar waya a haska ɗinkin katifa, lungunan kujera da mahaɗar katakon gado. Ƙananan ɗigo baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce, shi kuwa yana iya yin watanni a ɓoye ba tare da ya sha jini ba. Kayan da ke da shi bai kamata su shiga gidan kowa ba, ko da kyauta ne, sai an yi maganinsa. A ƙwanƙwasa katako: in ya yi ƙarar rami ko aka ga ƙasa a manne a jikinsa, gara ta shiga.

A kuma bambance katako na gaske da allon MDF, wanda ake yi da garin katako da gam. Katako na gaske kafinta yana iya goge shi, ya sake masa fenti. MDF kuwa da zarar ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake, kuma ramukan kusoshinsa sukan buɗe in aka kwance shi aka sake ɗaurawa. Wannan bambanci shi ke nuna ko kayan na sayarwa ne, na kyauta, ko na kwancewa.

Hoto da bayani

A goge ƙura, a fito da kayan inda hasken rana yake, a goge gilashin kyamara. Hoto biyar ya wadatar: gaba, gefe, baya, ƙarƙashi, sai kuma wurin da ya lalace daga kusa. Hoton ƙarshen nan shi mutane suka fi gudu, alhali shi ya fi amfani. Wanda ya ga yagewar a waya ya kuma ce yana so, in ya zo zai ɗauka. Wanda aka ɓoye wa, zai iso da mai kurkura, ya gani, ya fasa, a yi ta cacar baki kan wanda zai biya kuɗin dako.

A auna tsawo, faɗi da tsayi da tef ɗin tela ko na kafinta, a rubuta. Sau da yawa durowa takan isa sabon gida ta ƙi shiga ƙofa. Bayanin ya ƙunshi sunan unguwa, farashi, ko kayan suna kwancewa, da ranar ƙarshe da ake so a ɗauke su. Wajen yanke farashi, a duba makamantan kayan a intanet, amma a tuna abin da ake gani a can kuɗin da masu kaya suka sa ne, ba lallai a haka aka saya ba. Tambayar mai gyaran kujeru nawa zai sake soso da yadi tana taimakawa, domin mai saye shi ma wannan lissafin zai yi.

Inda za a tallata

A fara daga kusa. Status na WhatsApp yana kai wa ga mutanen da suka ajiye lambar juna, wato 'yan uwa, abokai da maƙwabta. Yana ɓacewa bayan awa 24, don haka sai a sake ɗorawa. Daga nan sai zaurukan WhatsApp na unguwa, na ɗalibai ko na wurin aiki. Ɗalibin da ya kama ɗaki a wajen makaranta, ko matashin da ke shirin buɗe shagon cajin waya, tebur mai ƙarfi yake nema, bai damu da fentinsa ba.

In kwana biyu suka wuce shiru, sai a faɗaɗa. Facebook Marketplace, wanda aka ƙaddamar a 2016, yana ba masu nema damar zaɓar gari da iyakar nisan da suke so, abin da ya dace da kaya masu nauyi. Akwai kuma Jiji, wanda ya fara aiki a Legas a 2014, ya kuma sayi harkokin OLX na Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka a 2019. Yana da sashe na kayan gida, ana kuma iya magana da mai saye a cikin manhajar.

Idan kyauta za a bayar

Wasu kayan ba za su kawo kuɗin kirki ba, amma suna da sauran amfani. A Amurka an kafa Freecycle a birnin Tucson a 2003, sai Buy Nothing a 2013, duka don maƙwabta su riƙa ba juna abin da ba sa buƙata kyauta. Ba sai an jira irinsu ba, zauren unguwa yana yin aikin. A rubuta a sarari cewa kyauta ne, mai so ya zo da abin ɗauka, wanda ya riga zuwa shi ke da kaya. Makarantun Islamiyya da gidajen marayu sukan buƙaci benci da tebur, amma a tura musu hoto a tambaya tukuna. Kai wa mutane abin da ba za su iya amfani da shi ba, sauke musu shara ne kawai.

Hattara da 'yan damfara

Tallar da ke ɗauke da lambar waya tana jawo masu saye, tana kuma jawo 'yan damfara. Saƙon tes da ke cewa kuɗi sun shigo ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin a asusu kafin a ɗora kaya a mota. Duk wanda ya ce a karanto masa wata lamba shida da ta shigo waya don ya tabbatar da ciniki, asusun WhatsApp ko na banki yake neman sacewa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. In an bar wa kyamara damar sanin wuri, hoton yana ajiye lambobin GPS na inda aka ɗauke shi. WhatsApp yana cire wannan bayani in aka tura hoto yadda aka saba, amma in aka tura shi a matsayin fayil, bayanin yana tafiya tare da shi. A tallar a tsaya ga sunan unguwa, cikakken kwatance sai an yi magana ta waya. Ranar ɗauka a fito da kayan zaure ko ƙofar gida, da rana, da wani babba a kusa.

In babu mai so

Kayan da suka gagara sayarwa da kyauta, sai a kwance su. 'Yan gwangwan suna sayen gadon ƙarfe da sauran ƙarafa a kan sikeli. Kafinta yana iya fitar da benci ko kanta daga katako mai kyau, masu gyaran kujeru kuma sukan karɓi soson da bai ruɓe ba. Abu biyu ne ya kamata a guje wa: ƙona soso, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba, da jefa tarkace a magudanar ruwa, inda zai toshe hanya ya jawo ambaliya da damina.

Duk wannan yana buƙatar lokaci. Mai shirin tashi ya ɗauki hotunan tun saura mako biyu ko uku: makon farko na sayarwa, na biyu na kyauta, kwanakin ƙarshe na 'yan gwangwan da kafinta.