Dauɗar Da Ke Cikin Bututun Baushe: Me Take Gaya Maka?

Idan ka taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan sallah a Kano ko Katsina, ka san abin da ke biyo bayan ƙarar: farin hayaki ya turnuƙe wuri, sai kuma wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Maharbin Ɗan Isa ko Zurmi ko Shinkafi mai riƙe da bindigar baushe ya san abu na uku da 'yan kallo ba sa gani. In ya zura tsumma cikin bututun bayan harbi, baƙi ƙirin zai fito, kamar an goge gindin tukunya.

To, wannan dauɗar mece ce? Da yawa suna ɗauka albarushin ne bai gama ƙonewa ba, ko kuma maras kyau aka sayar musu. Daga nan sai wani ya ce bari ya nemo "mai ƙarfi", ya farke harsashin zamani ya juye garin cikinsa a baushe. Wannan dabarar na iya raba mutum da yatsunsa ko idonsa, kai har da ransa. Don ka gane dalili, sai mun fara da sanin cewa albarushi iri biyu ne, kuma kowanne da irin dauɗar da yake bari.

Baƙin albarushi: dauɗa halinsa ne

Wanda ake ɗura wa baushe shi ne tsohon, wanda aka fara sani a ƙasar Sin fiye da shekara dubu da suka wuce. Gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai samar da iskar oksijin. Ko da ya ƙone sarai, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, yana nan a matsayin ƙura. Wani kaso na ƙurar ya fita ta baki, shi ne farin hayakin da kake gani. Sauran ya manne a bangon bututu. Warin ƙwan nan kuwa daga farar wutar yake.

Ka ga ke nan mafi yawan baƙin da ke kan tsumman toka ce ta abin da ya riga ya ƙone. Komai kyawun albarushin, sai ya bar ta. Illarta ita ce akwai gishirin fotasiyam a ciki, mai janyo danshi daga iska. Da damina, cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta fara cin ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya gani. Da hunturu kuma sai ta bushe ta yi tauri, bututun ya riƙa tsukewa bayan kowane harbi.

Albarushi maras hayaƙi

A shekarar 1884 wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Paul Vieille ya samar da sabon nau'i daga sinadarin naitiroselulos. Shi wannan kusan dukansa iska yake zama idan ya ƙone, kuma ƙarfinsa ya kai wajen ninki uku na baƙin albarushi mai nauyi ɗaya da shi. Irinsa ne ke cikin harsashin zamani.

Amma shi ma yakan bar wani abu. Wani lokaci bayan harbi sai a ga 'yan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, kamar tsakin gero, a cikin bututu ko kwanson harsashi. Waɗannan kam albarushi ne da bai ƙone ba. Abu biyu ke jawo haka.

Na farko girman ƙwaya. Kowace ƙwaya daga waje take ci zuwa ciki. Ka duba murhu: kirare nan da nan suke cinyewa, gungume kuwa sai ya daɗe yana ci. Haka kamfanoni ke yin albarushi, wani ƙananan ƙwayoyi mai saurin ci, wani manya mai ci a hankali, har ana shafa wa wasu abin da ke rage saurin kamawa.

Na biyu matsi. Saurin cin albarushi maras hayaƙi ya dogara ƙwarai ga matsin da ke kewaye da shi. Matsi ya hau, cin ya ƙara sauri, saurin kuma ya ƙara matsi. In matsi ya faɗi kafin manyan ƙwayoyin su cinye, sai wutar ta mutu ta bar su.

Matsalar bindigogi masu faɗin baki

A Amurka akwai maharba da doka ta ba su damar sake cika kwanson harsashi da kansu, kuma masu amfani da manyan harsasai sun fi kowa kokawa da waɗannan ƙwayoyi. Ɗauki harsashin da ake kira .45-70, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1873, tun zamanin baƙin albarushi. Faɗin dalmarsa ya ɗan haura milimita 11. Da zarar dalmar ta motsa, filin da ke bayanta yana buɗewa da sauri saboda faɗin bututun, matsi ya sauka, albarushi mai ci a hankali ya mutu a hanya.

Sai ka ce ai maganin mai sauƙi ne, a koma mai saurin ci. Gaskiya ne bututu zai fi tsabta, amma da sharaɗi. Mai saurin ci yana kai matsi ƙololuwa cikin ƙiftawar ido, kuma ɗan kaɗan ake zubawa a babban kwanso, ta yadda mutum zai iya zuba awo biyu bisa kuskure bai lura ba. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa ƙiyasi. Da sikeli suke auna nauyi, kuma suna bin jadawalin da kamfanonin albarushi suka gwada da na'urar auna matsi. Da yawansu ma sun gwammace su bar 'yan ƙwayoyin, su goge bututu, da su kusanci iyakar abin da ƙarfe zai ɗauka.

Wane irin matsi ake magana? Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar fam 30 da 'yan kai a kan kowane inci murabba'i. Iyakar da aka ƙayyade wa .45-70 a Amurka fam 28,000 ce. Harsashin .458 Winchester Magnum, wanda aka fitar a 1956 don farautar giwa da ɓauna, faɗin dalmarsa ɗaya da wancan, amma iyakarsa ta kai wajen ninki biyu, domin an ƙera bindigarsa don haka tun farko.

Mu dawo kan baushe

A Ingila akwai gidan gwajin bindiga a birnin Birmingham tun 1813. Ana harba bututu da albarushin da ya wuce ƙima, in ya jure sai a buga masa hatimi, kuma wanda aka gwada da albarushi maras hayaƙi hatiminsa daban ne. Baushe ba ta bi ta irin wannan gwaji ba. Sau da yawa bututunta daga bututun ruwa aka yanko, mai ɗinki a tsawonsa, ga kuma tsatsar shekaru a ciki. Awon albarushinta da ido ne ko tafin hannu.

Baƙin albarushi yana ɗan yin haƙuri da irin wannan awo, saboda saurin cinsa ba ya hauhawa da matsi kamar na zamani. Garin harsashin zamani ba shi da wannan haƙurin, babu kuma wani awo nasa da za a ce ya dace da baushe, ko shi kaɗai ko a gauraye. In bututun ya fashe, galibi ta gindi yake fashewa, inda matsi ya fi yawa, daidai inda fuskarka da hannunka suke.

Ita dauɗar baƙin albarushi, maganinta ruwa ne. Mai shi kaɗai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi tsatsa ta ci gaba a ƙarƙashi. A wanke bututu da ruwan zafi a ranar da aka yi harbi, a busar da shi sosai, sannan a shafa mai. In dauɗa ta taru har ɗuri ya maƙale a tsakiya bai zauna kan albarushi ba, kada a harba, don wannan gurbin da ya rage na iya kumbura bututu ko ya tsaga shi. Kuma garwashi na iya laɓewa cikin dauɗar bayan harbi, saboda haka zuba sabon albarushi kai tsaye daga goransa ganganci ne.

Ka kuma sani, a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko haɗa harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Kuma in tsautsayi ya faru a ƙauye kamar Ɗan Isa, kafin a kai mutum asibiti a Ƙaura Namoda ko Gusau ya zubar da jini mai yawa. In ka ji wani yana alfahari da cewa ya samo garin da ba ya ɓata bututu, ka gaya masa abin da ka karanta a nan, kuma kada ka tsaya kusa da shi lokacin da zai gwada.