Kafin Bayajidda, daga ina muka taso?

Duk wanda ya zauna a Sabon Ibadan ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri ya sha jin tambayar nan: "Wai ku asalinku daga ina?" Yawancinmu sai mu jawo labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Ban raina labarin ba, amma ni a ganina na sarauta ne. Ai ko a cikinsa, da ya iso Daura ya tarar da gari da sarauniya, kuma maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙa. To su waɗannan fa, daga ina?

Harshe ya fi kai mu nesa. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Angasanci da Margi. Su kuma reshe ne na wani babban gida da ya haɗa Larabci da Amharik da harshen Buzaye da na tsohuwar Masar. Ku duba "mutu" da "maut", ko "me" da "ma". Wannan ba aro ba ne irin na "littafi", gado ne tun daga tushe. Kuma bai nuna daga ƙasar Larabawa muka zo ba, domin masana da yawa suna ganin tushen yana arewa maso gabashin Afirka.

Sai maganar Sahara. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ciyawa ce da tafkuna. A Gobero ta Nijar an tono kaburburan masunta da ƙasusuwan dorina da kada. A Dufuna ta Yobe kuwa, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000. Da ruwa ya ja baya, mutane suka gangaro kudu da dabbobinsu, sannu a hankali, ba rana ɗaya ba.

Nan Kudu ma ba kango ba ne a lokacin. A kogon Iwo Eleru kusa da Akure, a 1965 aka tono ƙwarangwal ɗin mutum mai shekara wajen 13,000. Daga iyakar Najeriya da Kamaru kuma kakannin Bantu suka bazu, har harsunansu suka haifi Suwahili da Zulu. Yawancin masana a babban gida ɗaya suke sa su da Yarbanci da Ibo, kuma abin da zai ba wasu mamaki, har da Fulatanci. Wato ta wajen harshe, Bafulatanin da ke kara ya fi kusa da Bayaraben da ke sayen sansa a kan Bahaushe dillali.